Ba a Katse wa Babba Waya

A gidan tausar Bu Tumini, can ƙarshen lungunmu a birnin Solo, mu huɗu ne makafi masu aiki, kuma duk cikinmu babu wanda ya kama ƙafar Mas Waluyo wajen iya waya. A wajenmu Mas da Mbak kiran girmamawa ne na yaya namiji da mace, Bu na uwa, Pak na uba. Ni Wening, ni ce autar gidan, ni ke zama a teburin bakin ƙofa ina amsa kiran masu neman a ba su lokaci. Shi ya koya mini. Ranar da na fara riƙe wayar shafa, ji na yi kamar an miƙo mini guntun gilashi mai sanyi, babu maɓalli, babu tudu, babu inda yatsa zai kama. Ya ɗora hannuna a kanta ya ce, "Dik, ƙanwata, taɓa ta kawai. Ita za ta faɗa miki inda kike." Na taɓa, muryar wata mace ta faɗa mini ƙarfe nawa. Na matsar da yatsa, ta ce saƙonni. Na matsa gaba, ta kira sunan mahaifiyata. Sai da na yi kuka ranar, ni da ma hawayena ba su da nisa.

Wayoyinmu duk suna magana, amma tasa daban ce. Ya ƙara wa muryar sauri har masu ido in sun ji sai su ce keken ɗinki ne ke gudu. Shi kuwa ko kalma ɗaya ba ta wuce shi. Mu namu wayoyin jan yatsu ake yi kafin a ɗaga kira, tasa kuwa ƙwanƙwasawa ce: yatsu biyu, sau biyu, ta ɗaga. In ka gama, yatsu biyu, sau biyu, ta katse. Ƙofa ɗaya ce, ta nan ake shiga, ta nan ake fita. Yana ji da wannan ƙwarai. Kafin mai kira ya gama cewa sai na zo, Mas Waluyo ya riga ya katse, waya ta koma aljihu, hannu ya koma bayan wanda yake yi wa tausa.

A bakin lungun namu Mbak Ratri ke kafa tukunyarta kullum da safe, tana sayar da shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da kabewa da kaza, a cikin ganyen ayaba. Ita tana gani. Da yake masu babura ba sa barin ta wuri ɗaya, yau tana nan gobe tana can, sai ta ƙirƙiri wata dabara: da ta hango Mas Waluyo ya fito da sandarsa, sai ta buga ludayi a gefen tukunya, shi kuma ya bi ƙarar. Shekara biyu suna haka. Mu duka muna jin ƙarar ludayin nan daga cikin gida, kuma mun lura ba ta buga wa kowa sai shi. In ni na fito, sai dai ta ce, "Dik Wening, ga ni ta hagu." Na saurari littattafan soyayya ba adadi, muryar wayata ta karanta mini na gida da na ƙetare har na haddace yadda masoya ke kallon juna a tashar jirgi, amma ban taɓa jin wanda ya kai ƙarar ludayin nan daɗi ba.

Abin da ya rage shi ne mahaifinta, wanda take kira Bapak. Pak Marsudi manomin rogo ne mai kiwon awaki a wani ƙauye cikin duwatsun Wonogiri. Da Ratri ta je gida ta faɗa musu maganar Waluyo, mahaifiyarta ta yi murna, shi kuwa bai ce e ba, bai ce a'a ba, mako uku cur. Daga baya ya ce a ba shi lambar yaron, zai kira shi ranar Juma'a bayan salla, ya ji shi da kunnensa. In ya gamsu, dangin Waluyo su zo neman aure. In bai gamsu ba, magana ta mutu, domin Ratri ta faɗa tun farko ba za ta yi aure a kan ɓacin ran mahaifinta ba, shi ma Waluyo bai nemi ta yi hakan ba.

Ranar Alhamis da safe ina tsaye ina jiran nawa ƙunshin na ji Ratri tana ja wa Waluyo kunne.

"Mas, abu ɗaya nake roƙonka. Wannan saurin hannun naka ka bar shi a ɗaki gobe. Bapak ya yi shekara guda ba ya amsa gaisuwar ɗan ƙanwarsa, don kawai ya riga shi katse waya."

"Haba Dik, ni ɗin ba ni da tarbiyya ne?"

"Kai kana da ita. Yatsunka ne ba a yi musu ba. Shekaranjiya ina tsaka da cewa ka gaida Bu Tumini na ji ƙit."

"Ai na gaishe ta."

"Ka dai ji abin da na ce. Ko ya yi shiru, kai ma ka yi shiru. Shi zai ajiye."

Ranar Juma'a ya dawo daga masallaci cikin sabuwar riga, tun daga ƙofa na ji ƙamshin kanti a jikinta. Mas Bagyo, wanda ya girme mu duka kuma bakinsa ba ya hutawa, ya laluba hannun rigar ya yi fito.

"Ango, ta waya za a ga rigar nan?"

"Murya ma tana sa riga, Mas. Kai ne ba ka sani ba, taka kullum a singileti take."

Waluyo ya sa na soke masa duk aikin yamma. Ya zauna a benci da wayar a tafin hannu, sau biyar na ji ya tambaye ta cajinta, sau biyar tana ba shi amsa ɗaya. Ƙarfe ɗaya ya wuce, biyu ya wuce. Hadari ya haɗo, ruwa ya sauko da ƙarfi a kan kwanon rufi. Wajen ƙarfe uku Pak Jumadi ya shigo jiƙe sharkaf, tsohon mai keken ɗaukar fasinja da ba ya yarda kowa ya taɓa bayansa sai Waluyo.

"Tashi ka yi masa," in ji Bu Tumini. "Zaman nan zai sa maka ciwon ciki. Tukunyar da ake tsare ba ta tafasa."

Ya ajiye wayar a kan kujera kusa da gadon, ya zuba man kwakwa mai kanumfari a hannu, ya fara daga kafaɗa. Ko minti goma ba a yi ba wayar ta ɗauki kuka, muryar ta sheƙo da gudu: Bapak ɗin Ratri, Bapak ɗin Ratri.

Na ji kujerar ta gurgura, na ji ya kai hannu. Yatsu biyu, sau biyu. Ruwa na dukan kwano kamar ana zuba tsakuwa, Pak Jumadi na nishi, ga yatsu sun yi santsi da mai. A can ɗaya gefen kuma dattijo ya yi shiru yana jiran yaro ya fara gaisuwa, kamar yadda ya dace. Waluyo bai ji komai ba. Ya ɗauka mai ya hana wayar jin taɓawar. Sai ya sake: yatsu biyu, sau biyu.

Muryar ta ce an katse kira.

Waluyo ya zauna a gefen gadon, a kan ƙafar Pak Jumadi, bai ma sani ba.

"Gwanin iyo shi ruwa ke ci," in ji Mas Bagyo a hankali, kuma a karon farko babu dariya a muryarsa.

"Na katse masa," Waluyo ya ce. "Ko sallama ban yi ba. Na katse wa mahaifin Ratri."

"Ɗaga mini ƙafa tukuna, Nak ɗana, sannan mu yi jimami tare," in ji Pak Jumadi, fuskarsa a cikin matashi. "Ni da na je neman aure, akuyar surukina na taka da keke. Ga mu nan, jikoki tara."

Bu Tumini ta miƙe. Ta zo da tawul ta kama hannunsa, ta goge masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, har tsakankaninsu, kamar uwa tana shirya yaro zuwa makaranta. Ta goge fuskar wayar ma. Sannan ta danƙa masa.

"Kira shi."

"Bu, in ya ƙi ɗagawa fa?"

"Ka dai kira. In ka bari aka kai magariba, to ka nuna da gangan ka yi."

Ya laluba sunan, ya kira, ya kara a kunne. Muka ƙirga ƙarar tare a zuci. A ta bakwai aka ɗaga. Allah ya taimake mu Pak Marsudi irin mutanen nan ne da ke magana a waya kamar suna kiran wani daga ƙetaren gona, ga ruwan ya fara tsagaitawa, don haka babu abin da ya wuce mu.

Waluyo ya yi sallama da muryar da ban san yana da ita ba, ƙasa-ƙasa, mai laushi, da kalmomin girmamawa irin na gaban manya. Na ji ma ya miƙe tsaye.

"Kai ne Waluyo?"

"Ni ne, Pak. Ina neman gafara a kan ɗazu. Ina kan aiki ne, akwai mai a hannuna, sai na..."

"Na ji ɗazu. Na ɗauka haka ake gaisuwa yanzu a birni."

"A'a Pak, laifin yatsuna ne. Ku yafe mini."

"Hm. Iyayenka suna raye?"

"Mahaifiyata tana Klaten. Mahaifina ya rasu ina ɗan shekara tara, shekarar da idona ya tafi."

"Allah ya ji ƙansa. Wa ke kai ka masallaci?"

"Sandata, Pak. Ta fi ni sanin hanya."

Mas Bagyo ya danne dariya. A can kuwa ko tari ba a yi ba.

"In yarinyar nan ta kwanta zazzaɓi, daga kai sai ita a gida, ga ta da zurfin ciki ba za ta faɗa ba, ta yaya za ka sani?"

"Da hannu, Pak. Kafin fuska ta nuna, jiki ya riga ya faɗa. Aikina ke nan shekara goma sha ɗaya."

"Kana cin tuwon rogo?"

"Ina ci."

"Ci na so, ko ci na kunya?"

"Na kunya, Pak. Amma in da busasshen kifi da barkono, yakan koma na so."

"Hm," in ji dattijon. Sannan ya ce, "To. Na ji ka."

Daga nan sai ƙarar shafar tufafi, sai komai ya dushe.

Muka jira muryar ta ce an katse. Ba ta ce ba. Waluyo na tsaye, waya a kunne.

"Ya tafi?" Mas Bagyo ya tambaya cikin raɗa.

"Layin a buɗe yake," shi ma ya amsa cikin raɗa. "Ina jin takunsa. A aljihu ya sa ta."

Daga baya Ratri ta ba mu labarin cewa mahaifinta bai taɓa katse kira da hannunsa ba. In ya gama magana, miƙa wa matarsa yake yi ta danna jan maɓallin. Ranar kuwa ya zagaya garken awaki ne don kada ta sa masa baki, sai ya jefa wayar a aljihun riga kamar yadda yake jefa ƙunshin taba.

"To ka katse mana," in ji Mas Bagyo. "Ba zai sani ba."

"Zan sani."

"Ko ka rufe bakin wayar, mu samu mu yi numfashi."

A wata ranar, kafin ka ƙifta, da yatsansa ya zagaya fuskar wayar ya samo wurin. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake. "Ba zan ƙara taɓa ta ba," ya ce. "Ko da yatsa ɗaya."

Haka ya tsaya. Minti biyar, minti goma. Hannu ya fara gajiya, wayar ta ɗan rabu da kunnensa, ita kuma irin tasa da ta bar kunne sai ta mai da sauti sifika da kanta. Kwatsam sai ɗakin tausa ya cika da kukan awakin Wonogiri.

Duk muka daskare, domin yanzu ko cokali ya faɗi a nan, can zai je. Bu Tumini ta tafi a kan yatsun ƙafa ta rufe ƙofar waje. Wayar tebur ta fara rawa a hannuna, na danne maɓallin gefe ta yi shiru, mutum biyu suka kira suka gaji. Pak Jumadi, bayansa a buɗe ga mai ga sanyin ruwa, atishawa ta taso masa, na ji ya cusa hanci cikin matashi yana kokawa da ita kamar mai kokawa da ɓarawo.

Muka saurara. Ban san yadda zan faɗa ba, amma a cikin aljihun wannan dattijon da muke jin tsoro, duniya mai daɗi ce. Akwai ƙarar lauje yana saran ganye. Akwai tsuntsuwar kurciya can nesa. Akwai tsohon da ɗazu yake cewa hm, yanzu yana lallashin wata akuya: "Ci mana, Menik. Ke kullum sai an roƙe ki, kamar uwar gidanki. Ga mai taushin nan na ware miki." Har ya ɗan rera waƙa ta hanci, ya manta baitin, ya sake daga farko. Na ji ina son mutumin nan tun ban taɓa hannunsa ba, na kuma ji tsoro ya ƙaru, domin mai lallashin akuya haka ba zai ba da 'yarsa da wasa ba.

Can sai na lura numfashin Waluyo ya canja. Ya daina na mai tsoro, ya koma irin wanda yake yi in ya ɗora hannu a bayan mutum yana neman inda jijiya ta ɗaure. Dattijon yana tafiya, shi kuma yana bin takun da leɓe. Taku ɗaya da nauyi, ɗaya da ja. In tsohon ya sunkuya babu komai, in zai miƙe sai ya yi ɗan nishi ya tsaya. Waluyo ya karkata kunne sosai, kamar mai sauraron agogo.

Aka jima, ƙarar tsakuwa ta koma ta daɓe. Ƙofar katako ta yi ƙara. Muryar mace ta taso, Bu Sarni ke nan, mahaifiyar Ratri, tana kiran mijinta.

"Pakne, ina ka shiga? Shayinka ya huce. Ka kira yaron?"

"Na kira."

"To yaya ka ji shi?"

Kujera ta yi ƙara, dattijon ya yi nishin zama, ya amsa wa matarsa. "Zauna, Bune, in faɗa miki. Yaron nan..."

Ba zan yi ƙarya ba, ni har na miƙa wuya. Mas Bagyo ya matso, ina jin ɗumin kafaɗarsa. Ga amsar da aka yi mako uku ana jira, za ta fito da kanta, babu ado babu kunya, kuma babu wanda zai taɓa sanin mun ji. In ma a'a ce, ai gara mutum ya san dalili.

Waluyo ya ja numfashi, ya kawo wayar bakinsa, ya ɗaga murya.

"Pak, gafara dai. Ina nan kan layi, ban tafi ba."

Wani abu ya faɗi ya tarwatse a can, da alama kofin shayi ne. Dattijon ya nemi tsari da Allah sau biyu.

"Pakne," in ji Bu Sarni, "aljihunka ne ke magana."

Aka yi ta kokawa da tufafi, sannan muryar ta fito tarwai. "Wane ne?"

"Waluyo ne, Pak."

"Me kake yi a aljihuna?"

"Ba ku katse ba, Pak. Ni kuma na riga na katse muku sau ɗaya yau, ban ga fuskar ƙarawa ba."

"Tun ɗazu? Tun yaushe ke nan?"

A nan dole ya karya rantsuwarsa. Ya ɗora yatsa ɗaya a saman wayar a hankali, kamar mai taɓa ƙwai, muryar ta sheƙo da nata gudun.

"Minti arba'in da uku, Pak."

"Wace ce wannan kuma?"

"Wayar ce. Ita ke karanta mini abin da ke rubuce."

"Da wane yare?"

"Namu ne, Pak. Sauri ne da ita."

"Ta fi Bune?"

"Ban san Bu ba tukuna, ba zan iya yanke hukunci ba."

Bu Sarni ta fashe da dariya irin ta Ratri sak, mai farawa da ƙarfi ta ƙare da tari. Dattijon ya bari ta gama.

"Wato duk abin da na yi ka ji."

"Na ji awaki sun ci, Pak. Na ji Menik sai da lallashi."

"Na roƙe ka kada wannan ya fita," ya ce da sauri, matarsa kuwa ta sake ɗaukar dariya. Sai muryarsa ta sauka, ta koma ta ɗazu. "Da ka ƙara yin shiru kaɗan, da ka ji abin da zan faɗa a kanka."

"Na sani, Pak. Amma Bu kuka ce ta zauna, ba ni ba."

Ni dai na toshe bakina da mayafi don na san halina.

Da ni ce, da a nan zan tsaya. Amma Waluyo mai tausa ne kafin ya zama mai neman aure, kuma abin yana cin sa.

"Pak, in an ba ni izini, akwai abu ɗaya da ba a tambaye ni ba."

"Faɗi."

"Gwiwar hagu kuke shafa wa magani, ko?"

"Ratri ce ta faɗa maka."

"Ba ta faɗa ba. Ba gwiwar ce ke da laifi ba, Pak. Ƙugun dama ne ya riƙe, kuna jan ƙafar, sai gwiwar hagu take ɗaukar aikin biyu. Shi ya sa in za ku miƙe take kuka. Ko tulu guda na man zafi aka shafa mata ba za ta daina ba."

"Shekara uku," in ji Bu Sarni. "Shekara uku ina shafa wa gwiwar nan mai, har hannuna ya fi ta warkewa."

"Daga Solo ka hango ƙuguna?" dattijon ya tambaya.

"Ban hango ba, Pak. Ji na yi."

Sai na ji kujerar can tana motsi, kamar mutum na gwada ƙugunsa a zaune, dama da hagu. Sai ɗan nishi.

"Hanyar ƙauyen nan duwatsu ce," ya ce a ƙarshe. "Motar haya a kasuwa take tsayawa, sauran da ƙafa ne."

"Zan iya, Pak."

"Ba ta kai nake yi ba, ta mahaifiyarka nake yi. Lahadi ta sama zan sa a jira ku a kasuwa da motar rogo. Ku zo da manyanku, ku zo da safe kafin rana ta yi zafi."

Waluyo ya buɗe baki, na ji iska ta fita, magana ba ta fito ba. Mutumin da ke gane kalma ɗari a numfashi ɗaya, ya rasa guda.

"Nak," in ji Bu Sarni da taushi, "ka ji kuwa? Ka ce wani abu, kada ya ɗauka ka sake katsewa."

"Na ji, Bu. Na ji, Pak. Na gode. Allah ya ƙara girma."

"Hm. Bune, zo ki kashe abin nan, kada yaron mutane ya kwana a aljihuna."

Aka ji tana gunaguni tana neman maɓallin, sannan muryar wayar ta faɗi cewa kira ya ƙare.

Pak Jumadi ya saki atishawar da ya riƙe rabin awa, har gadon ya girgiza. Bu Tumini ta zauna daɓas a ƙasa tana hamdala. Ni kuwa na bar kukan ya yi yadda yake so, babu mai hana ni. Hannun Waluyo ya ƙage a lanƙwashe, ya kasa miƙe shi, sai da Mas Bagyo ya kama shi yana murzawa.

"Ka ga ikon Allah," yake cewa. "Shekara ashirin ina sana'ar nan, ban taɓa yi wa mutum tausar ciwon ladabi ba sai yau. Miƙe mana, ango. Da wannan hannun za ka gaisa da surukai?"

"Mas, a hankali, ba kullu kake kwaɓawa ba."

"Kira Ratri," na ce ina share fuska. "Tun azahar take zaune a ɗaki, ko abinci na san ba ta ci ba."

Ya ɗauki wayar, ya juya ta a hannu, ya ajiye. "A'a, Dik. Wannan ba na waya ba ne. Ina sandata?"

"Wace sanda?" in ji Pak Jumadi. Na ji ya sauko daga gado yana jan rigarsa a kan bayan da ke naso da mai. "Titi duk ruwa ne, za ka isa da sabuwar riga kamar wanda ya fito daga gonar shinkafa. Kekena na waje. Ɗakin da take haya ba bayan koren masallacin nan ba ne?"

"Pak, rabin bayanku kawai na yi."

"Rabin ya isa tuƙi. Taho."

Suka fita, Bu Tumini na bin su da gargaɗin kada a yi gudu a kwana. Na tsaya a bakin ƙofa, iska mai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tana dukan fuskata. Na ji keken ya nisa da Waluyo ya hau, na ji tayoyi sun tsaga ruwan da ya kwanta. Pak Jumadi yana ta kaɗa ƙararrawa duk da babu kowa a hanya, yana faɗa wa mai sayar da taba da mai gyaran takalmi da duk wanda ya leƙo cewa su matsa, ango ya ɗauko. Na bi ƙarar da kunne har suka sha kwana.